Wai meye abin kallo a motocin da suke zagaya wuri ɗaya?

Sadauki_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin harkar tseren motoci ku taimaka min da bayani. Ƙanena ya turo min bidiyon wani tsere na Amurka wai Daytona 500, na zauna na kalla, abin da na gani kawai motoci ne birjik suna zagaya fili ɗaya, kwana huɗu duk hagu, a dawo a sake, har sau 200. Kuma filin cike da mutane maƙil. Ni dai a ganina wannan ba ƙwarewar tuƙi ba ce, injin ne kawai yake aiki, duk wanda aka ba mota mai gudu ya danne totur zai iya. In akwai abin da ban gani ba a nuna min, da gaske nake tambaya.

Ummi_F1:
Wa'alaikumus salam. Yaya Sadauki ka faɗi abin da ke raina. Ni Formula 1 nake bi tun lokacin da Hamilton yake McLaren, can za ka ga kwana dama da hagu, birki, hawa da gangara, ruwan sama ma ana yi a ciki. Waɗannan kuwa da an fara yayyafi sai a tsayar da tsere a jira hanya ta bushe.

BabanKhalifa:
Wa'alaikumus salam. Malam Sadauki ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja bayani.

Farko dai filin nan na Daytona da ke jihar Florida tsawon zagayensa ɗaya mil biyu da rabi ne, wato kilomita 4, sau 200 ya ba ka mil 500, kimanin kilomita 800 kenan. Kwanonin ba a shimfiɗe suke ba, a jingine suke da digiri 31, in ka tsaya a ƙasan kwanar kana kallon sama tamkar gangaren tsauni, a ƙafa ma da ƙyar mutum yake hawa. Motoci wajen 40 ne suke shiga, suna gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma tsakanin bambar wannan da bambar wancan wani lokacin ko tafin hannu ba zai shiga ba, jere biyu ko uku, awa uku da wani abu ana haka. To ka ce kowa zai iya? Gaskiya ne a Daytona ba sa cika ɗaga ƙafa daga totur, amma aikin ba a ƙafa yake ba, a iska yake. Motar da ke gaba ita take fasa iska, ta bayanta ta laɓe ta samu sauƙi, sannan ta matso ta tura ta gaban da bamba su ƙara gudu tare. Mota ɗaya ita kaɗai ba za ta taɓa kamo jerin motoci goma ba ko da wa yake tuƙa ta. Shi ya sa in ka fita daga layi a lokacin da bai dace ba kuma babu wanda ya biyo ka, daga na uku sai ka tsinci kanka na talatin kafin a gama zagaye ɗaya. Duk tseren lissafi ne na wa zan bi, wa zai tura ni, yaushe zan bar shi.

Direba_Gwarzo:
Maganar iskar nan gaskiya ce Baban Khalifa. Duk direban da ya yi doguwar hanya ya san in ka manne a bayan tirela motarka tana yin sauƙi, ka ɗan sassauta ƙafa ma tana tafiya, da ka fito za ka wuce sai ka ji iska ta doke ka. Amma mu a gudun 90 ne, kuma ko a hakan ganganci ne don ba ka ganin gabanka. Su da suke yi a 300 Allah ya kyauta.

Sadauki_Fagge:
To na ji maganar iska. Amma ai duk da haka mai babban inji shi zai ci ko?

Makanike_KofarRuwa:
A'a oga, injinan kusan ɗaya ne, doka ce ta NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tseren. Duk V8 ne mai wajen lita 5.8, kamfani uku ne kawai a babban rukunin tseren yanzu, Chevrolet da Ford da Toyota. A yawancin filaye ƙarfin injin ya haura doki 650 amma a Daytona da Talladega, wani babban filin zagaye irinsa, da gangan ake shaƙe shi ya dawo wajen 510. Dalili kuwa a 1987 Bill Elliott ya yi gudun mil 212.8 a awa a Talladega wajen gwajin neman layi, sama da kilomita 340 kenan, a tseren kuma tayar Bobby Allison ta fashe motarsa ta tashi sama ta yage wayar da ta raba hanya da 'yan kallo, saura ƙiris ta faɗa cikin mutane. Daga 1988 sai aka tilasta saka wani faifan ƙarfe mai huji huɗu a ƙarƙashin kafireto don rage iskar da ke shiga inji. To tunda an daidaita ƙarfin kowa shi ya sa kake ganinsu a cure wuri ɗaya babu mai iya tsere wa wani.

Ɗan_Damagaram:
Makanike wai Toyota Camry ɗin da nake gani a ciki irin tamu ce ta kan titi? Don na ga har da tambarin da fitilun.

Makanike_KofarRuwa:
Ina fa ɗan uwa. Suna ne kawai da fasalin fuska. Fitilun nan da ka gani sitika ce aka manna, ba ta da ƙofa ma, ta taga direba yake shiga a rufe da raga. Camry tamu tayar gaba ke ja, wannan tayar baya ke ja, kuma cikinta duk bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji, kujera ɗaya tal. Babu madubin gefe, babu agogon da ke nuna gudu, da juyin inji suke gane saurinsu. Sabuwar ƙirar da aka fara a 2022 giya biyar gare ta kuma noti ɗaya ne a tsakiyar taya maimakon biyar na da. Wani abin da zai ba ka mamaki ana saita ƙafar motar ne a karkace, tayoyin dama sun ɗan fi na hagu girma, sifirin da shokazoba na kowane gefe daban, don motar ta riƙa son kwanar hagu da kanta, har a miƙaƙƙiyar hanya sai direba ya ɗan riƙe sitiyari dama.

Alhaji_Sabo62:
Amma da can motocin gida ne na gaske, mu faɗi wannan. Da aka kafa NASCAR a 1948, Bill France ne ya tara su a garin Daytona Beach, kuma tseren farko na babban rukunin a Charlotte aka yi a 1949 da motocin da mutum zai saya a shago ya tuƙo zuwa fili. Wanda ya fara isa ma Glenn Dunaway an ƙwace nasararsa saboda an samu an taɓa sifirin bayan motar, aka ba Jim Roper. Kuma asalin direbobin da yawa masu fasa-ƙwaurin barasa ne a kudancin Amurka, suna gyara mota ta ɗauki kaya kuma ta tsere wa 'yan sanda cikin dare a hanyoyin duwatsu. Junior Johnson har gidan yari ya yi a kan wannan sana'ar, kuma shi ne ya ci Daytona a 1960 da motar da ba ta kai sauran gudu ba, saboda ya gano dabarar laɓewa a bayan mota da Baban Khalifa ya yi bayani.

Ummi_F1:
Na gode Baba Alhaji, tarihin ya yi daɗi. Amma ni har yanzu ina nan kan bakata, ka ɗauko Verstappen gwanin Formula 1 ka saka shi a motar nan wata biyu zai cinye su duka.

BabanKhalifa:
Ƙanwata Ummi an gwada ai. Juan Pablo Montoya ya ci tsere bakwai a Formula 1, ya ci Monaco, ya ci Indianapolis 500. Ya bar McLaren a 2006 ya koma NASCAR ya yi shekara bakwai cur a babban rukuni, sau biyu kawai ya yi nasara, Sonoma a 2007 da Watkins Glen a 2010, kuma duka biyun hanyoyi ne masu kwanar dama da hagu irin wanda ya saba. A filin zagaye bai ci ko ɗaya ba a rukunin. Ga Shane van Gisbergen ɗan New Zealand, zakaran motocin Ostireliya sau uku, ranar da ya fara shiga a titunan Chicago a 2023 ya ci, amma da aka kai shi filayen zagaye sai ya koma ɗan koyo. Ba wai ina rage darajar 'yan Formula 1 ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ka ɗauko na NASCAR ka kai shi Monaco shi ma zai sha wuya. Amma a daina cewa babu ƙwarewa.

Ummi_F1:
Montoya ai ba babban kamfani ya samu ba, ba a motar babban kamfani irin Hendrick yake ba. A Formula 1 ma in ka saka gwani a motar baya ba zai ci ba.

Ɗan_Atlanta:
Salam jama'a, yanzu na tashi daga aiki na ga wannan zancen. Ni a Jojiya nake zaune ina tuƙin babbar mota, abokan aikina ne suka ja ni filin Atlanta da ke garin Hampton. Malam Sadauki wlh abin da talabijin take nuna maka ba ya kai rabin abin ba. Ƙarar kaɗai a ƙirji kake jinta, benci yana rawa a ƙarƙashinka, in ba ka toshe kunne ba ba za ka iya zama ba, na kusa da kai ma sai dai ku yi magana da hannu. In suka wuto a gabanka ba ka iya karanta lambar mota, iska ce kawai take bugunka da warin taya da ɓurɓushin roba a jikin rigarka. Abin da ya fi burge ni shi ne ana ba da hayar wata rediyo da za ka saka a kunne ka ji maganar direba da mutanensa kai tsaye. Kowane direba yana da mutum a can saman ginin 'yan kallo riƙe da madubin hangen nesa, shi ne idonsa, yana ta faɗa masa akwai mota a ƙasanka, tana nan, tana nan, ta wuce, hau sama yanzu, na bayanka zai turo ka. Muryarsa ko rawa ba ta yi alhali motoci suna karo a gabansu. Direban hular kwano da abin riƙe wuya sun hana shi waiwaye, da kunne yake tuƙa rabin tseren. Kuma a filin zagaye daga kujerarka kana ganin hanyar gaba ɗaya, ba kamar wuraren da mota za ta wuce ka jira minti ɗaya da rabi kafin ka sake ganinta ba. Wannan ne ya sa mutanensu suke cika filin, iyali guda da kaka da jika, wasu tun kwana biyu kafin tsere sun kafa tanti suna gashin nama.

Maman_Hanan:
Ɗan Atlanta akwai baƙar fata a wurin kuwa? Ni duk bidiyon da na gani farare ne zalla.

Ɗan_Atlanta:
Hajiya akwai amma ba yawa, gaskiya wasan fararen kudu ne tun asali. Ni dai babu wanda ya yi min wani abu, waɗanda na zauna kusa da su har bayani suke min. Amma tarihin yana da ɗaci. Wendell Scott baƙar fata ne daga Virginia, shi ne direba shi ne makaniken kansa da 'ya'yansa, ya ci tsere a Jacksonville a watan Disamba 1963, aka ba wani Bature Buck Baker tuta da kofi, sai bayan awanni da mutane suka watse aka ce an sake lissafi shi ne ya ci. Har ya rasu a 1990 bai riƙe kofin nan ba, sai a 2021 hukumar ta miƙa wa iyalansa kofi a Daytona. A shekarar ce kuma Bubba Wallace ya ci Talladega, baƙar fata na biyu da ya ci a babban rukuni, kusan shekara 58 tsakani. Kamfanin da yake wa tuƙi na Michael Jordan ne ɗan ƙwallon kwando tare da Denny Hamlin. A 2020 ne ma aka hana ɗaga tutar nan ta 'yan kudu masu goyon bayan bauta a filayen.

Maman_Hanan:
Allah sarki bawan Allah, ya ci da guminsa a hana shi. Wannan ya taɓa min zuciya.

Malam_Habu_Zariya:
Ni tambayata daban ce. Ɗana yana kallon waɗannan bidiyoyin kuma abin da nake gani ana yaɗawa haɗari ne kawai, mota ta tashi sama tana juyi wuta na ci. Anya mutanen nan ba haɗarin suke zuwa kallo ba? Kuma mutum ya saka ransa a irin wannan don kuɗi da kofi, Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Ni abin bai kwanta min ba.

Alhaji_Sabo62:
Malam Habu maganarka tana kan hanya, kuma an yi asarar rayuka ba kaɗan ba. A shekarar 2000 kaɗai Adam Petty jikan shahararren direba Richard Petty yana ɗan shekara 19 ya mutu a New Hampshire, bayan wata biyu Kenny Irwin ya mutu a fili ɗaya, sai Tony Roper a Texas. Duk ciwo iri ɗaya, mota ta daki katanga jiki yana ɗaure da bel amma kai ya fizga gaba ƙashin gindin ƙwanya ya karye. Ba a ɗauki mataki sosai ba sai ranar 18 ga Fabrairu 2001 da Dale Earnhardt, zakara sau bakwai, mai baƙar mota lamba 3, ya daki katanga a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe na Daytona 500. Yana na uku ne, a gabansa motoci biyu ne na kamfaninsa, Michael Waltrip da ɗansa na cikinsa Dale ƙarami. Waltrip ya yi tsere 462 bai taɓa ci ba sai ranar, yana can yana murna bai san maigidansa ya rasu ba. In ka ga haɗarin a bidiyo ba za ka ce zai kashe mutum ba, motar ko juyawa ba ta yi ba. Bayan nan ne aka tilasta abin riƙe kai da wuya, aka sa wa katangun ƙarfe da soso mai shanye duka, aka canza kujeru. Tun daga ranar babu direban da ya sake mutuwa a tsere a manyan rukunai uku na NASCAR.

BabanKhalifa:
Ƙari a kan na Alhaji, a 2020 Ryan Newman yana gaba saura 'yan mitoci ya ci Daytona aka taɓa shi ta baya, motar ta kife wata ta zo ta dake shi daidai gefen direba da cikakken gudu. Duk wanda ya kalla ya ɗauka shi kenan. Ba a cika kwana biyu ba ya fito daga asibiti da ƙafarsa riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu.

Makanike_KofarRuwa:
Amma kada a ce an gama da matsalar Baban Khalifa. Sabuwar motar 2022 bayanta ya yi tauri da yawa, in ta daki katanga da baya dukan a jikin direba yake ƙarewa. Kurt Busch ya samu bugun ƙwaƙwalwa a Pocono a shekarar kuma daga nan bai koma tseren ba, Alex Bowman ma ya rasa tsere da dama. Sai da direbobi suka yi ta ƙorafi aka sake ƙirar bayan don ya riƙa lanƙwashewa. Ƙarfen da bai lotse ba mutum ne yake lotsewa a madadinsa, wannan ko a motocin gida haka ne, shi ya sa nake faɗa wa masu cewa tsohuwar mota mai tauri ta fi tsaro su daina.

Malam_Habu_Zariya:
Na ji bayananku kuma na gode. Duk da haka zuciyata ba ta natsu da shi ba, amma na yarda akwai bambanci tsakanin wanda ya yi tanadi da wanda bai yi ba.

Maman_Hanan:
Malam ai ni wanda ya fi damuna namu na gida ne. Su can an killace fili, ga motar asibiti ga 'yan kwana-kwana a tsaye. Mu kuwa ranar ɗaurin aure yara su ɗauko motar gida su zo tsakiyar unguwa suna wasan mota, suna juyi taya na hayaƙi, ƙananan yara sun kewaye su ba shinge ba komai. A unguwarmu an taɓa take wani yaro a haka, ya rayu amma ƙafar ba ta koma daidai ba har yau. In da gaske suna son abin a samar musu fili a bayan gari mana, da doka da hular kwano.

Direba_Gwarzo:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Kuma yaran nan wasu suna da hannu wlh, in da za a koya musu da tsari da an samu direbobi. Amma wa zai gina fili? Taya kaɗai a tsere ɗaya sai mota ta ci saiti fiye da goma.

Ɗan_Damagaram:
Saiti goma a rana ɗaya? To yaushe suke tsayawa canzawa, ba a wuce su ba?

Makanike_KofarRuwa:
Wannan ne ɓangaren da ni na fi so. Mutum biyar ne suke tsallako katanga, mai jak, masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, da mai zuba mai da tulun ƙarfe a kafaɗa. Taya huɗu cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka, kuma jak ɗin na hannu ne, a ɗaga gefen dama a gama a zagayo da gudu a ɗaga na hagu. Da yawansu tsofaffin 'yan wasan ƙwallon jami'a ne aka ɗauko aka horar. Tankin wajen galan 20 yake ci don haka dole a tsaya sau da dama, kuma shugaban makanikai yana zaune yana lissafi, in aka ɗaga tutar rawaya saboda haɗari kowa ya rage gudu, shin mu shiga yanzu ko mu zauna, taya biyu za mu canza mu fita da wuri ko huɗu. An sha cin tsere da lissafin mai kawai, an kuma sha ganin na gaba mai ya ƙare masa a zagayen ƙarshe.

Ummi_F1:
A Formula 1 daƙiƙa 2 ne fa.

Makanike_KofarRuwa:
Da mutum wajen ashirin Hajiya, kuma ba sa zuba mai tun 2010.

Sadauki_Fagge:
Jama'a na gode ƙwarai, na karanta duka. Na koma na sake kallon zagaye ashirin na ƙarshe da bayanin Baban Khalifa a kaina kuma na ga turawar da ake yi. Amma ga abin da ya rage min. A bidiyon saura kaɗan a gama wani ya taɓa wani, motoci kusan goma sha biyar suka tarwatse, wanda yake can baya ya ratsa ya ci. To ina amfanin ƙwarewar awa uku in a ƙarshe sa'a ce za ta raba?

Kabiru_Lamba3:
Yawwa, yanzu ka zo wurin da su kansu masoyan wasan suke faɗa a kai. Ni ina bin NASCAR sosai kuma ina tare da kai rabi. Daytona da Talladega akwai sa'a a ciki, babu musu. Trevor Bayne ya ci a 2011 yana ɗan shekara 20 a tserensa na biyu kacal a rukunin, bai sake cin wani ba. Michael McDowell ya ci a 2021 bayan motocin kamfanin Penske biyu da ke gabansa sun yi karo a zagayen ƙarshe, tserensa na 358 kenan kuma nasararsa ta farko. A gefe guda Tony Stewart zakara sau uku bai taɓa cin Daytona 500 ba, Mark Martin ma haka, Earnhardt kansa sai a gwaji na 20 ya ci a 1998, a 1990 yana gaba tayarsa ta fashe saura mil ɗaya. Don haka in kana son ganin tuƙi zalla kar ka tsaya a Daytona. Nemi Martinsville a Virginia, rabin mil ne, kwanoninsa a matse kuma kusan a shimfiɗe, birki sau biyu a kowane zagaye har faifan birkin ya yi ja, zagaye 400 ko 500, wanda ya ci agogon bango dogo ake ba shi. Ko Bristol a Tennessee da ake zagayawa cikin daƙiƙa 15, kafin ka ankara na gaba ya kamo na baya. Ko Darlington da suke bi dab da katanga har fentin gefen dama ya goge. A irin waɗannan taya tana cinyewa, motar da ka fara da ita ba ita ce a hannunka ba bayan zagaye 40, ko gaba ya ƙi shiga kwana ko baya ya riƙa zamewa, rana ta faɗi kwalta ta huce komai ya sake canzawa. A nan ake gane direba.

BabanKhalifa:
Kabiru ban yarda da kai gaba ɗaya ba. In sa'a ce zalla me ya sa sunaye ɗaya suke maimaituwa? Richard Petty sau bakwai ya ci Daytona 500, Cale Yarborough sau huɗu, Denny Hamlin sau uku, 2016 da 2019 da 2020, ta 2016 ma da tazarar daƙiƙa 0.010 ya riga Martin Truex kuma ita ce ta farko ga Toyota. William Byron ya ci 2024 ya sake ci 2025. Sanin inda za ka tsaya kafin haɗarin ya faru shi ma ilimi ne, wasu suna jin jerin ya fara rikicewa su ja baya da gangan.

Kabiru_Lamba3:
Na Petty yawancinsu kafin a shaƙe injin ne yaya, lokacin mota mai ƙarfi tana iya tserewa. Kuma Byron a 2025 yana wajen na tara aka shiga zagayen ƙarshe, na gabansa suka yi karo ya bi ta gefen katanga ya wuce. Shi da kansa ba zai ce ya tsara hakan ba.

BabanKhalifa:
Amma ya zaɓi layin sama kafin su yi karon, kuma bai ɗaga ƙafa ba. Wani da ya taka birki.

Ummi_F1:
To kun ga ku ma ba ku daidaita ba. Zan nemi Martinsville ɗin in gani, amma in zagaye 500 ne sai dai in kalli taƙaitaccen.

Ɗan_Atlanta:
Ummi in za ki nema ki haɗa da na Oktoba 2022, Ross Chastain yana buƙatar wuce motoci biyu a kwanar ƙarshe, sai ya ƙi taka birki ya jingina motar da katanga ya danne totur ta bi bango ta wuce motoci biyar. Daga baya an hana yin hakan.

Ɗan_Damagaram:
Wai da ƙarfe nawa ake yin Daytona ɗin a agogonmu? Kuma wane wata?

Kabiru_Lamba3:
Tsakiyar Fabrairu ne ranar Lahadi, shi yake buɗe kakar. Suna farawa wajen biyu da rabi na rana a Florida, mu nan Najeriya da Nijar takwas da rabi na dare kenan, in ba a yi ruwa ba. In an yi ruwa kuwa yana iya kaiwa tsakar dare ko a ɗage zuwa Litinin kamar yadda aka yi a 2012 da 2020 da 2024.

Sadauki_Fagge:
Kabiru turo min na Darlington ɗin da na Martinsville in gwada. Baban Khalifa ni dai har yanzu a kan Daytona ina ganin sa'ar ta fi yawa, mutum goma sha biyar ba su yi laifin komai ba aka kwashe su.

Direba_Gwarzo:
Makanike ina da tambaya kan maganar tayar dama ta fi ta hagu girma, in haka ne ranar da aka kai su hanya mai kwanar dama fa, sai an sake ɗaure ƙafar motar gaba ɗaya kenan ko wata motar daban suke kawowa?